Gargaɗi ga Masu Tsofaffin Gidajen Haya: Kada Ku Fara da Fenti

In ruwa ya ɗauke, lokacin gyaran gidaje ya zo. Daga Fagge zuwa Kurna, daga Sabon Garin Kano zuwa Tudun Wadan Zariya, duk lungun da ka bi sai ka ga an juye yashi a ƙofar wani tsohon gidan haya, an jingina tsani, lebura na kankare bango. Ina kira da babbar murya ga duk mai irin wannan gida, nasa ne na kansa ko na gado ne da 'yan'uwa suka damƙa masa, da ya dakata kafin ya sayi bokitin fenti ko kwalin tayil ko da guda ɗaya. Gyaran tsohon gida yana da gaba yana da baya. Wanda ya faro ta baya zai yi asarar kuɗinsa, wannan kuwa shi ne mai sauƙin. Mai munin shi ne a wayi gari cikin watan Agusta ana tono 'ya'yan mutane daga ƙarƙashin ƙasa.

Kowa ya san abin da ke sa a faro ta baya. Fenti da tayil da silin na POP da sabon get su ne abin da mai neman haya ke gani, su ne kuma dillali ke nunawa idan zai ƙara kuɗin ɗaki. Ba ɗan hayar da zai ƙara maka sisi don ka gyara tushen gini ko ka sake wayar wutar da ke cikin bango. Amma tushen nan da rufi da waya da masai su ne ke riƙe da rayukan masu kwana a gidan. Ni a ganina gidan da aka yi wa ado alhali cikinsa ya mutu ya fi wanda aka bari da dauɗarsa haɗari. Tsagewar da ido ke gani tana sa uwa ta janye katifar yaranta daga jikin bango. Wadda aka cike da filasta aka shafe da fenti ba ta gargaɗin kowa.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, ginin da ke tsaye tun shekarun 1830, ya rufta kan masallata ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an ga tsagewa a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, ana cikin shirin kawo injiniyoyi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wannan fa gini ne da idon jama'a ke kansa dare da rana. Ina ga ɗakin ƙurya a gidan haya, wanda mai shi ba ya leƙawa sai ranar karɓar kuɗi? A Legas kuma, cikin watan Maris na 2019, wani bene da mutane ke zaune a ciki a unguwar Ita Faji, da makarantar yara a samansa, ya rushe, kimanin mutum 20 suka mutu, da yawansu ɗalibai. Hukumomi sun ce tun kafin nan an yi wa gidan alamar rushewa. Tsohon gini yakan nuna alama kafin ya faɗi. Abin da ba ya yi shi ne faɗa maka ranar.

Saboda haka aikin farko dubawa ce. Birkila ya san ɗora bulo, akwai kuma masu amana sosai a cikinsu, amma ba huruminsa ba ne ya ce maka tushen nan zai ci gaba da ɗaukar nauyi ko ya gaji. Nemo injiniyan gine-gine mai rajista da hukumar COREN, ya zagaya gidan ɗaki-ɗaki, ya rubuta maka a takarda: wannan na yau ne, wannan kafin damina, wannan zai iya jira. Takardar nan ita za ta ja ragamar kuɗinka, ba bakin dillali ba.

Kafin injiniyan ya zo ma, ɗauki tocila da ƙaramar guduma ka zagaya da kanka. Siririyar tsagewar da ta tsaya a fatar filasta ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi karkace, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, ko kana ganinta ciki da waje a wuri guda, ko bakin biro yana shiga cikinta, ita ce ke cewa ƙasa na motsi a ƙarƙashin gidan. Ɗebi kwaɓaɓɓen siminti ka liƙa a kanta faɗin tafin hannu, ka rubuta kwanan wata a gefe. Idan ka dawo bayan 'yan makonni ka tarar liƙin ya dare, bangon yana kan tafiya. Tambayi 'yan haya wace ƙofa ce a da take rufuwa lafiya, yanzu sai an ɗaga ta ko an banka ta da kafaɗa. Idan gidan na dekin ne, ɗaga kai ka haska ƙasansa. Jan zanen tsatsa, ko wurin da kankare ya ɓantare rodi ya leƙo, yana nufin ruwa ya isa ga ƙarfe, ƙarfe kuwa in ya yi tsatsa kumbura yake, yana fasa kankaren daga ciki. Ƙwanƙwasa da guduma, inda ka ji amon fanko ka yi masa alama da alli. Duk ɗakin da ya nuna irin waɗannan, a fitar da mutanen cikinsa a tokare shi tun kafin a zauna lissafin kuɗi.

Daga nan sai ruwa, domin shi ne babban mai cin gini, kuma mutane sun fi lura da na sama su manta da na ƙasa. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni an gina su ne lokacin da titi ke ƙasa da dokin ƙofa. Aka zo aka yi ta ciko, aka zuba kwalta, aka ja lambatu, yau titin ya fi tsakar gida tudu, ruwan da ya kamata ya fita sai ya dawo ya kwanta a gindin bango. Wasu gidajen kuma a Kano kan tsohon kududdufi suke, wanda aka cike da shara da ɓaraguzai aka yanka filaye. Irin wannan ƙasa tana ci gaba da zama shekara da shekaru, ruwa kuma yana ƙara mata sauri. Alamar a bayyane take: gindin bango kullum da laima, yana fitar da farin gishiri, filasta tana zubewa in ka taɓa. Abin da na fi gani ana yi shi ne a manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu don a rufe abin kunya. Laimar ba ta tafi ko'ina ba, hawa take yi sama da tayil ɗin, bulon da ke baya kuma yana ta ruɓewa ba mai gani. Abin yi shi ne a gyara gangaren tsakar gida ruwa ya san hanyarsa, a buɗe kwatar da ta toshe, a gano bututun da ke tsiyaya a ƙarƙashin daɓe, a yi wa gindin bango daɓe mai gangara ta waje, a kuma raba wurin wanki da alwala da jikin ɗakin kwana. Wannan aiki ba ya ɗaukar ido, shi ya sa ake tsallake shi, alhali duk abin da za a yi daga baya a kansa zai zauna.

Masu gidajen ƙasa na cikin birni, naku ya fi gaggawa. Iyayenmu da kakanninmu ba sa barin damina ta same su ba su yi yaɓe ba, ba su share indararo ba, masu hali kuma su shafa makuba. Yanzu an bar wannan an koma lulluɓe tubali da filastar siminti. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau. Ruwa yana samun 'yar kafa ta sama ya shiga tsakaninsu, ba shi da hanyar bushewa, sai ƙasar ta jiƙe tana zaizayewa a ɓoye, daga waje kuwa bango sumul. Ranar da zai tafi, gaba ɗaya yake tafiya, galibi cikin dare bayan ruwan kwana biyu. A duba bakin kowace azara inda ta shiga bango, a soka mata wuƙa a ji ko gara ta cinye cikinta. A daina kuma laftawa rufin soro sabuwar ƙasa kowace shekara ba tare da an rage tsohuwar ba, domin nauyin yana ninkuwa in ta sha ruwa.

Batun rufi yana da tarko. Yoyo a toshe shi yau da duk abin da ya samu, kada ruwa ya ci gaba da sauka kan bango. Amma sabon rufi sai bayan an gama da tushe da bango, domin a kansu zai hau. Wanda ya buga sabon kwano kan bangon da zai rushe baɗi ya biya kafinta sau biyu. In lokacin rufin ya yi, a sa kafinta ya shiga cikin silin da rana tsaka. Duk inda haske ya ɓullo ta kwano, nan ruwa ke bi. Ya bubbuga katako, wanda gara ta ci a cire shi ɗungurungum, sabon kuma a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora. A ɗaure katakon rufi da jikin linta da ƙarfe, don iskar farkon damina ba ta raina rufin da ƙusa kaɗai ke riƙe da shi. Idan tsohon silin ko rufin na asbesto ne, kada a farfasa shi ko a yanka shi a bushe. Ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, cutar da take jawowa, har da sankara, ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. A jiƙa shi, a cire shi fale-fale ba tare da karyawa ba, ma'aikata su rufe hanci da baki, yara su yi nisa.

Akwai wani abin da ake kira gyara alhali ƙarin lodi ne. Mai gida ya ga titi ya yi albarka, sai ya fasa bangon zaure ko ɗakin waje ya fitar da shaguna, ba ginshiƙi, ba lintar kirki, bangon da ke ɗauke da rufi ya koma ƙofar ƙarfe. Wani ya ɗora bene kan tushen da aka haƙa don gida mai hawa ɗaya. Wani ya haɗa tankunan ruwa a kan tsohon dekin, bai lissafa cewa lita 1,000 na ruwa tan guda ne cur ba, tanki biyu masu lita 2,000 kuwa tan huɗu a wuri ɗaya. Duk wannan ba a yin sa sai da lissafin injiniya da izinin hukumar tsara birni, a Kano KNUPDA ke nan. Kuma ba a aikin sama mutane na zaune a ƙasa. Mutanen Kano ba su manta da benen da ake kan ginawa a titin Beirut ba, wanda ya rufta a ƙarshen Agustan 2022 ya danne mutane a tsakiyar kasuwar waya.

Bayan gini ya tsaya, ruwa ya samu hanya, sai masai da bututu. A gidan haya mai ɗaki goma, masai ɗaya yana ɗaukar abin da ba a gina shi dominsa ba. Murfin kankaren tsohuwar shadda ko sokawe yana ruɓewa ta ƙasa saboda tururin da ke tashi daga ramin, ta sama kuwa lafiya lau, har ranar da zai burma da mutum. Jami'an kashe gobara a Kano sun sha ciro mutane daga rijiyoyi da ramukan masai, sau da yawa har da wanda ya shiga ceto, domin iskar da ke cikin ramin tana sumar da mutum nan take. Kada a bar kowa ya shiga, a kira masu motar kwasa. Sannan a dubi tazarar ramin da rijiya ko burtsatse. Ma'aikatan lafiya suna son a samu kamar mita 30, abin da filin gidajenmu na cikin gari ba kasafai yake bayarwa ba. Inda ba ta samu ba, a gina ramin da bulo a shafe cikinsa yadda ba zai tsiyaya ba, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, ruwanta kuma a daina sha sai an tafasa ko an sa masa magani. A shekarar 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Irin wannan rijiya da irin wannan masai suna cikin hanyoyin da take bi.

Na shiga wani gida a cikin birni inda aka gama shimfiɗa tayil mai tsada a banɗakuna da tsakar gida, sabbin 'yan haya suka tare. Ba a daɗe ba laima ta ɓullo a bangon ɗakin da ke maƙwabtaka da banɗaki, tayil ya fara amon fanko in an taka. Tsohon bututun ƙarfe ne a ƙasa, tsatsa ta huda shi, ba wanda ya tono ya gani. Na tarar da mai gyaran famfo durƙushe da kurfi da guduma yana farfasa tayil ɗin da bai shekara ba, matar gidan ta tattara kayanta a tsakar gida tana kallo. Duk bututu a sa shi, a sakar masa ruwa ya kwana, a tabbata ba ya zuba, kafin a rufe shi da ko cokali ɗaya na siminti.

Haka wayar wuta. Gidan da aka yi wa wayarin shekara talatin ko arba'in da suka wuce, an yi shi ne don ƙwan fitila da fanka da rediyo. Yau kowane ɗaki da firji da dutsen guga da hita, wani har da na'urar sanyaya ɗaki, duk a kan siririyar wayar da robarta ta bushe tana farfashewa. In fis ya ƙone sai a naɗa masa waya mai kauri don kada ya sake damun kowa, an kashe mai gadin ke nan. Soket ɗin da ya yi baƙi, ko makunnin da ke zafi, ko warin roba da dare, duk sanarwar gobara ce. A nemo mai wayarin da ya san aikinsa ya sake ta gaba ɗaya: mai kaurin murabba'in milimita 1.5 don fitilu, 2.5 don soket, 4 ko sama don manyan kaya, kowane layi da abin da zai katse shi in lodi ya yi yawa. A kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa don ta janye wuta in ta ɓalle. A sa makunnin sauya layi tsakanin wutar KEDCO da ta janareta, a kuma ware wa janareta wuri a fili, nesa da tagogi, domin hayaƙinsa ya kashe iyalai a cikin barci. A kula da wayar jabu, wadda cikinta alminiyam ne aka yi masa rufin jan ƙarfe. Wannan aiki yana bayan rufi, don ba a sa sabuwar waya ƙarƙashin yoyo, yana kuma gaban filasta da silin, don sai an fasa bango ake binne ta.

Sauran kuma ba wuya: filasta, silin, ƙofofi da tagogi, daɓe ko tayil, fenti a ƙarshe. Abin da zan ja kunne a kai shi ne gaggawa. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, ba ya kuma kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Iskar hunturu tana busar da shi tun bai kama ba, don haka aikin wannan lokaci yana son ruwa safe da yamma. Sabuwar filasta ma a bar ta ta bushe makonni kafin fenti, in ba haka ba zai kumbura ya ɓare. Wajen kankare tsohon fenti mai mai, a sani cewa irinsa yakan ƙunshi dalma, kuma tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, ba mai buƙatar a yi masa bayanin illarta. A jiƙa bango kafin a kankare, a kwashe ƙurar, kada mai rarrafe ya shiga sai an wanke ɗakin.

'Yan haya fa, ina za su? Wannan a tsara shi tun farko, a zauna da su a yi magana ta mutunci. In gidan sashe-sashe ne, a gyara ɓangare ɗaya a mayar da mutane, sannan a kama na gaba. In dole sai an tashi, a ba da wa'adi na gaskiya. A dokar da ake aiki da ita a Abuja, mai biyan shekara wata shida ake ba shi in yarjejeniya ba ta ce wani abu dabam ba, jihohi ma kowace da tata dokar. Masu cire rufi ko ƙofa da sunan gyara don su kori mai iyali su sa wanda zai biya ninki, ku ji tsoron Allah. Kotu ce ke fitar da ɗan haya, ba kafinta ba.

Gidajen gado su ne suka fi ba ni tsoro. Magada goma sha, kowa na jiran kasonsa ranar da aka karɓi haya, ba mai yarda a taɓa nasa, gidan kuma yana ta mutuwa a tsaye. Yaya babba, ko Baffa, ko duk wanda aka wakilta, tara su ka karanta musu takardar injiniya, a cire kuɗin gyara kafin a raba. In sun ƙi, a kai maganar gaban mai unguwa ko alƙali tun ana maganar kuɗi, kafin ta zama maganar diyya.

Ku kuma masu neman haya, in dillali ya buɗe muku ɗaki kuka ji ƙamshin sabon fenti a tsohon gida, ku ƙara buɗe ido. Ku zagaya bayan ɗakin ku ga bangon ta waje, ku leƙa masai, ku tambayi maƙwabta yadda gidan yake kwana a watan Agusta. Wanda ke ciki tuni ya ga alama, ya ɗauki hoto da waya, ya sanar da mai gida a rubuce, ya sanar da mai unguwa. In kuwa bango ya fara ƙara, ko ƙasa na zubowa daga rufi, ko tsagewa ta buɗe cikin kwana ɗaya, a kwashe yara a fita a lokacin, ko da tsakar dare ne, a kira 112 ko jami'an kashe gobara, kaya su jira.

Na san kuɗi sun yi wuya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, kwano da rodi da waya ma ba su zauna ba, kuma ba kowane mai gida ne attajiri ba. Akwai gwauruwar da hayar ɗaki uku ce abincin marayunta. Wannan ne ma ya sa ba a da damar kashe kuɗi sau biyu. Daga ɗaukewar ruwa zuwa watan Afrilu ne filin aiki, domin in Mayu ya kama hadari ya fara haɗuwa. A ware wani abu a gefe, don tsohon gida in aka buɗe shi sai an ga abin da ba a zata ba. A biya ma'aikata mataki-mataki bayan an duba aikin, kada a tara siminti ya yi watanni a ɗaki mai laima ya daskare. In kuɗin sun ƙare a kan tushe da rufi da waya, a bar bangon da filastarsa ba fenti, a ba da hayar a yadda ta samu, tayil ya jira baɗi. Ɗakin da ba a kai ga gyara shi ba kuwa, a sa masa kwaɗo, kada a karɓi kuɗin kowa a kansa.